Don Me Muke Yi Wa Mai Fita Da Matarsa Dariya?

Kwanakin baya wani maƙwabcina a Panshekara, wanda ya daɗe yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin fata na Challawa, ya yi wani abu da ya zama abin magana a majalisar unguwarmu har tsawon mako guda. Aurensa da uwargidansa ya cika shekara 20, sai ya karɓi hutunsa na shekara, ya kai yara gidan kakarsu, ya ɗauki matarsa suka hau motar safa zuwa Legas, suka yi kwana huɗu suka dawo. Ba biki suka je ba, ba ta'aziyya ba, ba kuma asibiti ba. Da aka matsa masa da tambaya, cewa kawai ya yi: "Ba ta taɓa ganin teku ba."

Nan fa majalisa ta ɗauka. Wani ya ce an shanye shi, wani ya ce mijin-ta-ce ne tun asali, wani kuma ya ce boko ne ya hau masa kai. Wani dattijo da muke girmamawa ya dube shi ya ce: "Malam, da ka sayi buhun masara da kuɗin nan, ai da ka fi samun lada." Ni dai ina ganin majalisarmu ta yi kuskure, kuma kuskuren nata ya shafi gidajenmu duka, shi ya sa na ga ya dace in kawo maganar wannan fili.

Da muka keɓe, na ce masa: "Yaya, me ya kai ka Ikko?" Sai ya ce tun yana saurayi yake loda fatun da aka jeme a Challawa a manyan motoci, ana kai su tashar jiragen ruwa ta Apapa, daga can su wuce Italiya. Wata rana ya zauna ya yi tunani, ya ga fatar akuya ta ga Legas ta ga Turai, amma matar da ke tashi da asuba ta dafa masa abin da zai tafi da shi wurin aiki ba ta taɓa wuce Zariya ba. Daga ranar ya shiga adashi, ya yi wata goma yana zubi.

Masauki mai sauƙin kuɗi suka kama a Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama. Sun bi ta kan doguwar gadar nan ta Third Mainland da aka kammala a 1990, wadda ta haura kilomita 11 a kan ruwa. Sun hau jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara jigila a 2023 daga Marina zuwa Mile 2. Sun shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, inda suka ga motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ta tsaya ta yi wa ɗan garinsu addu'a. Sun kuma je bakin teku, ta tsoma ƙafarta. Amma duk wannan, in ji shi, bai kai masa abu guda ba: a cikin shekara 20, wannan ne karo na farko da suka yi doguwar hira su biyu, babu kukan yaro, babu sallamar baƙo, babu zancen kuɗin cefane.

A nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya san rayuwar ma'aikatan Challawa da Sharaɗa da Bompai ya san yadda aiki ke cinye mutum. Mako guda yana aikin rana, mako mai zuwa yana aikin dare. Ya fita ta bar shi yana barci, ko ya dawo ya tarar ta yi barci. Ranar da babu aiki kuma akwai ɗaurin aure da suna da jana'iza da majalisa. A haka za a shekara goma, miji da mata suna gida ɗaya, suna cin abinci ɗaya, amma kowa bai san abin da ke ran ɗan'uwansa ba. Abin mamaki, a kamfanin da mutumin ke aiki, babu manajan da zai yarda inji ya yi ta gudu shekara da shekaru ba a tsayar da shi an yi masa sabis ba, domin ya san ranar da ya tsaya da kansa, asarar ta fi ta kwanakin gyara. Mun san wannan hikima a kan ƙarfe, mun manta da ita a kan aure.

Kuma ba sai an faɗa wa Bakano halin da aure ke ciki ba. A farkon 2009 ƙungiyar zawarawa ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangami a Kano don nuna damuwa kan yawan saki, Hukumar Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara aurar da zawarawa, aka soma da ma'aurata 100. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da ma'aurata 1,800 a lokaci guda. Wannan ƙoƙari ne abin yabo. Sai dai duk hankalinmu ya tafi ga ɗaura aure, ga lefe da gara da kayan ɗaki, riƙon auren kuwa mun bar wa haƙuri shi kaɗai. Iyali kan ci bashi don bikin kwana uku, babu mai cewa uffan. Amma mutum ya tara guminsa don ya faranta ran matar da ta yi shekara 20 tana haƙuri da shi, sai mu ce ya yi almubazzaranci.

Masu cewa kwaikwayon Turawa ne, ina yi musu uzuri, domin ƙirga ranar aure da yanka kek ba al'adar iyayenmu ba ce, kuma malamai suna da maganganunsu a kan ware rana ta musamman, wanda ni ba fagena ba ne. To amma mu raba ranar da tafiyar. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Ya kuma tabbata cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) a kan hanyar tafiya. Saboda haka wanda zuciyarsa ba ta natsu da ranar cikar shekara ba, sai ya zaɓi wata ranar, amma kada ya fake da addini ya tsare 'yar mutane tsakanin ɗaki da madafa har tsufa. A nan ma akwai amsa ga mai mata biyu ko uku da ke tsoron fitina: adalci shi ne a yi ƙuri'a ko a bi layi, kowacce ta san nata lokacin na zuwa. Hana su duka ba adalci ba ne, raba zalunci ne daidai wa daida.

Maganar dattijonmu ta buhun masara ita ce ta fi nauyi, kuma ban raina ta ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Kamfanoni da dama a Sharaɗa da Bompai sun daɗe da rufewa, ciyawa ta cinye harabarsu, waɗanda suka rage kuma suna fama da tsadar lantarki da dizal. Wanda gidansa babu abinci, babu mai ce masa ya tafi Legas, kuma wanda ya ci bashi don yawon buɗe ido ya jawo wa kansa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda bai iya Legas ba, ga Kaduna, ga Katsina da hasumiyar Gobarau, ga Dam ɗin Tiga. Wanda ko wannan ya gagare shi, to daga Kumbotso zuwa Gidan Makama da Dutsen Dala kuɗin a-daidaita-sahu ne. Matan da aka haifa a Kano, suka tsufa a Kano, ba su taɓa hawa Dala ba, Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu 'yan boko masu karanta wannan shafi. Cikinmu akwai wanda kusan kowane wata yana Abuja ko Legas wurin taron bita, a sauke shi a babban otal, ya san kowane gidan cin abinci na Wuse, amma bai taɓa tunanin ya ƙara kwana biyu daga aljihunsa ya kira uwargida ba. Akwai kuma wanda ke kai tasa Dubai, amma daga saukarsu har dawowarsu kowa na riƙe da wayarsa, ana ɗaukar hoton da za a ɗora a Instagram don a ƙona ran dangi da ƙawaye. Na farko ya yi rowa, na biyu ya yi riya, kuma ma'aikacin Challawa da ya yi adashin wata goma ya fi su duka fahimtar abin da ake nufi da tafiyar.

Masu masana'antu ma suna da nasu kason. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikacin da ya yi wata 12 yana aiki a jere haƙƙin hutu na aƙalla kwana shida na aiki, tare da cikakken albashi. Maƙwabcina ya samu nasa ne domin shi ma'aikacin dindindin ne. Ɗimbin matasan da ake ɗauka aikin wucin gadi, a sallame su a sake ɗaukarsu, ba su san ɗanɗanon wannan hutu ba, alhali su ne sababbin ma'aurata. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da jami'an Ma'aikatar Ƙwadago su sa ido a nan, domin magidancin da ba ya hutawa, gidansa ma ba ya hutawa.

Daga ƙarshe, majalisarmu ta gaji da maganar ta koma kan siyasa, kamar yadda ta saba. Amma na ji ƙishin-ƙishin cewa mutum biyu daga cikin masu dariyar sun je wurin maƙwabcin nawa da daddare, a ɓoye, suna tambayar nawa ne kuɗin masauki a Agege. Ina roƙon su da su fito fili, babu abin kunya a ciki. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sanya ƙauna da tausayi a tsakaninmu da iyalanmu, amin.