Ba intanet kaɗai ya rufe shagunan Maplin da RadioShack ba

A ranar 28 ga Fabrairun 2018 kamfanin Maplin na Birtaniya ya durƙushe, yana da shaguna sama da 200 da ma'aikata fiye da 2,000. Takwaransa na Amurka, RadioShack, ya riga shi shiga wannan hali, domin ya bayyana karayar arziki a 2015, ya kuma sake a 2017. Waɗannan su ne shagunan da mai sha'awar haɗa rediyo ko gyara lasifika a gida zai shiga ya sayi tiranzisto guda ɗaya da ɗan guntun dalma, ya koma ya ci gaba da aikinsa a ranar.

Da an tambayi dalili, sai a ce Amazon da eBay ne. Akwai gaskiya a ciki: mai biyan hayar shago a tsakiyar gari ba zai iya gasar farashi da mai aiko kaya daga Shenzhen ta ƙasar Sin ba, ballantana a kan abin da ribarsa ba ta wuce 'yan kwabbai ba.

Amma shagunan ma suna da nasu laifin. An kafa RadioShack a Boston a 1921 don masu sha'awar rediyo, Maplin kuwa ya fara a 1972 da aika wa masu haɗe-haɗe ƙananan kayan lantarki ta gidan waya. Da tafiya ta yi nisa, sai RadioShack ya koma sayar da wayar salula, Maplin ya cika kantocinsa da kayan wasa da jirage marasa matuƙa, aka ture akwatunan ƙananan kayan zuwa lungu. Suka saki na hannu, suka shiga kasuwar da manyan kantuna suka fi su ƙarfi a cikinta.

Masu sha'awar kuma ba su ƙare ba. Arduino ya fito a 2005, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta biyo baya a 2012 daga Birtaniyar kanta, miliyoyin mutane suka saya. Masu saye suna nan, shagunan ne suka makara wajen waiwayarsu.

Kamfanonin ƙera na'urori su ma ba su taimaka ba. Rediyon da ana kwance shi da sukundireba. Wayar yau da gam ake manne ta, kayan cikinta sun ƙanƙance har sai da madubin ƙara girma.

Wanda ya fi asara shi ne ɗan koyo. Gwani ya san lambar abin da yake nema, zai yi oda ya jira. Yaro ɗan shekara 12 da ya riƙo wani ƙonannen abu a tafin hannunsa, bai ma san sunansa ba, mutum yake buƙata a bayan kanta da zai duba ya ce masa ga irinsa, ga kuma abin da ya ƙona shi. Sunan Maplin yana nan har yanzu, amma a intanet yake ciniki.