Babbar karbirato ba ta fidda mota daga rairayi

Injin V8 na Rover mai lita 3,5, wanda aka fara sa wa Range Rover a 1970, asalinsa na Buick ne na Amurka. Mai son ƙara masa ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali yakan fara neman babbar karbirato. Kuskure ne. Idan maƙogwaronta ya yi faɗi, iska na shiga da sanyin jiki, ba ta gauraya da mai sosai, sai mota ta yi nauyin tashi. Maganin shi ne karbirato daidai inji, sandar kam mai rufe ƙofar iska da wuri, da saita lokacin wutar buji.

A ganina wannan darasin fizik ne da ya kamata mu malamai mu kai aji. Ƴaƴanmu na haddace lissafin ƙarfin murɗawa don jarabawa, ba su san shi ke fidda mota daga rairayi ba. Ku kuma iyaye, ku daina ɗaukar garaji matattarar waɗanda lakwal ta kora. Makanikin da ya san dalili ba ya lalata injin mutane da kintace.