Rufi 600 A Wata: Wa Zai Biya Wa Haziƙin Ɗan Manomi?

A kowace shekara yara wajen miliyan biyu 'yan aji biyar na firamare suna zama jarrabawa guda a faɗin ƙasar Indiya, suna neman gurbi a makarantun kwana da ake kira Jawahar Navodaya Vidyalaya. Gurabun da ake da su ba su wuce dubu hamsin da 'yan kai ba, domin kowace makaranta yara 80 take ɗauka a aji shida. Wanda Allah ya ba sa'a ya ci, gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar nauyinsa: ɗakin kwana, abinci, tufafin makaranta, littattafai, har sabulun wanka. Haka zai yi shekara uku iyayensa ba su fitar da ko sisi ba. Ranar da ya shiga aji tara kuwa, idan namiji ne kuma bai faɗa cikin waɗanda aka yafe wa ba, sai a sanar da mahaifinsa cewa daga yanzu akwai rufi 600 a kowane wata.

Waɗannan makarantu sun samo asali ne daga manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1986, zamanin Firaminista Rajiv Gandhi. An fara gwaji da biyu, ɗaya a Jhajjar ta jihar Haryana, ɗaya a Amravati ta jihar Maharashtra, da niyyar kowace gunduma ta sami guda. Yau sun haura 600, kuma jihar Tamil Nadu ce ta tsaya tsayin daka ta ƙi karɓarsu saboda tsohuwar rigimarta da harshen Hindi. Kalmar Navodaya tana nufin sabuwar ɓullowa, kamar ta rana da asuba, kuma waɗanda aka yi nufin ranar ta ɓullo wa su ne 'ya'yan karkara. Aƙalla kashi 75 cikin 100 na gurabun nasu ne, kashi ɗaya cikin uku kuma na 'yan mata. Rabin makin jarrabawar shiga ma an ɗora shi ne a kan tambayoyin zane da siffofi, don kada ɗan ƙauyen da bai sami malamin harshe nagari ba ya faɗi saboda laifin da ba nasa ba.

Masu goyon bayan karɓar kuɗi ba mutanen banza ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa abin da gwamnati ke kashewa a kan ɗalibin kwana guda ya ninka abin da take kashewa a kan ɗan makarantar jeka-ka-dawo sau da yawa, alhali kuɗin daga aljihun kowa ya fito, har da na mutumin da ɗansa ya zauna jarrabawar ya faɗi. Suna ƙarawa da cewa da yaron yana gida ai iyayensa ne za su ciyar da shi, don haka ba zalunci ba ne a ce su mayar da wani abu daga abin da aka sauke musu. Sannan ga gine-gine masu tsufa, ga ɗakunan kwana masu bukatar gyara. Sunan da aka raɗa wa kuɗin ma, Vidyalaya Vikas Nidhi, ma'anarsa asusun raya makaranta.

Hukumar da ke kula da makarantun ta kuma yi ƙoƙarin tausasa abin. Ba a karɓar komai daga 'yan aji shida zuwa takwas. An yafe wa dukkan 'yan mata, da 'ya'yan al'ummomin Dalit da Adivasi waɗanda tsarin mulkin ƙasar ya ba kariya ta musamman, da kuma 'ya'yan gidajen da gwamnati ta shaida cewa suna ƙasa da ma'aunin talauci. Ɗan ma'aikacin gwamnati kuwa ana iya karɓar har rufi 1,500 a wata daga mahaifinsa, gwargwadon alawus ɗin karatun 'ya'ya da yake samu. Wannan na ƙarshe dabara ce mai kyau ƙwarai. Gwamnati ce ta ba ma'aikacinta kuɗi don ya biya wa ɗansa karatu, ita ce kuma ke karantar da ɗan kyauta, to babu laifi ta karɓi abinta.

Sai a duba wanda ya saura bayan an cire duk waɗannan. Yaro ne namiji, ɗan shekara goma sha huɗu, daga ƙauye, mahaifinsa ƙaramin manomi ko mai tireda ko mai aikin ƙodago, wanda sunansa bai shiga jerin matalauta na gwamnati ba. An daɗe ana kuka a Indiya cewa wannan jeri yana barin matalauta da yawa a waje, yana kuma shigar da waɗanda ba su cancanta ba, domin ƙidayar da aka gina shi a kai takan tsufa, samun takardar kuma yakan bukaci zirga-zirga ofis-ofis wadda mai cin yau da yau ba shi da lokacinta. Ko da jerin ya zama daidai ma, tsakanin wanda ke ƙasa da ma'auni da wanda ya ɗara shi da kaɗan babu wani bambanci na a zo a gani a cikin tukunya. Rashin ruwan sama na damina guda ya isa ya mayar da na biyun inda na farkon yake, takardarsa kuwa ba za ta canja a wannan shekarar ba. Wannan yaro shi ne ainihin wanda aka gina makarantar dominsa a 1986, shi ne kuma aka miƙa wa takardar biya.

Zancen cewa ai da a gida iyayensa ne ke ciyar da shi, zance ne na mai albashi. Mai albashi da kuɗi yake sayen kowace loma, saboda haka idan baki ɗaya ya ragu a gidansa yakan ga ragin a aljihunsa. Gidan manomi ba haka yake ba. Daga rumbu ake ɗiba, a tukunya ɗaya ake dafawa, idan yaro ɗaya ya tafi makaranta sai 'yan'uwansa su ɗan ƙara ƙoshi, amma babu wata takardar kuɗi da za ta faɗo a hannun uban. Abin da ya rage masa hatsi ne, abin da ake nema a wurinsa tsaba ne, kuma wata-wata, alhali shi sau ɗaya ko sau biyu a shekara yake ganin kuɗi a dunƙule, lokacin girbi. Ban da haka, ya riga ya biya wani kuɗin da babu mai rubuta masa rasidi. Saurayi ɗan shekara goma sha huɗu ƙarfi ne a gona, mai kiwo ne, mai kai kaya kasuwa ne. Uban da ya haƙura da wannan har shekara bakwai ya ba ƙasarsa gudummawa tun kafin a tambaye shi.

Lokacin da kuɗin ke farawa ma abin lura ne. Dokar 'yancin samun ilimi ta 2009 ta wajabta karatu kyauta ga yara daga shekara 6 zuwa 14, wato har aji takwas. Kuɗin Navodaya yana farawa daidai inda dokar ta tsaya, a shekarun da yaran karkara suka fi barin makaranta. A aji taran nan ne kuma ake kwasar kashi 30 cikin 100 na ɗalibai a kai su wata makarantar Navodaya a yankin da ake magana da wani harshe, su yi shekara guda a can, don ɗan arewa mai jin Hindi ya san ɗan kudu, ɗan kudu ya san shi. Tsari ne mai ban sha'awa, kuma duk mai koyon harshe zai yi kwaɗayinsa. Amma aiki ne na haɗa kan ƙasa aka ɗora wa yaron, a shekarar da aka fara bin mahaifinsa bashi.

Akwai kuma halin kuɗin makaranta a ko'ina: da wuya ya tsaya inda aka ajiye shi. Na Navodaya rufi 200 ne a da, aka ninka shi sau uku a tashi ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Da zarar an amince cewa iyaye za su toshe wani ɓangare na giɓin kasafi, duk shekarar da baitulmali ya yi ƙasa su za a fara tunawa, domin su ba su da bakin da ake ji a majalisa.

A Amurka ma an bi hanyoyi biyu. Makarantar kimiyya da lissafi ta jihar Karolina ta Arewa, wadda aka buɗe a Durham a 1980, ba ta karɓar kuɗin karatu ko na ɗaki ko na abinci. Takwararta ta jihar Ilinoi da ke Aurora, wadda ta fara aiki a 1986, tana karɓar kuɗi hawa-hawa gwargwadon samun iyaye. Tsarin Ilinoi yana yiwuwa ne saboda kusan kowane gida a can yana da takardar haraji da ke nuna abin da ya samu a shekara. A Indiya kuwa kuɗin da aka samu daga noma ba ya shiga harajin samu na gwamnatin tarayya, don haka hukuma ba ta da madubin da za ta duba ta bambanta mai eka biyu da mai eka hamsin. Su biyun rufi 600 ake nema a wurinsu. Ga ɗaya kuɗin shan shayi ne, ga ɗayan kuwa sai an sayar da akuya.

Gaskiya ne cewa masu hali sun koyi hanyar shiga. Darussan share fagen jarrabawar sun zama sana'a a garuruwa, kuma sharaɗin cewa mai neman gurbin karkara sai ya yi aji uku da huɗu da biyar a makarantar karkara bai gagari mai son kewaye shi ba. Wannan matsala ce ta gaske, amma a ƙofar shiga take, a can ya kamata a yi maganinta, ta hanyar bin diddigin inda yaro ya yi karatu da tsananta tantancewa. Kuɗin wata-wata ba ya korar ɗan mai hali ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya sa uban da ke kan gaɓa ya yi tunani sau biyu kafin ma ya bari a cika wa ƙaramin ɗansa takardar jarrabawa, bayan ya ga yadda ta kaya da babban.

Mai karatun da ya san ƙasar Hausa ba zai ga wannan baƙon zance ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta kafa a 1977, da makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayyar Nijeriya da ke Suleja, duk a kan tunani ɗaya aka gina su: a tsamo yaro mai baiwa daga inda yake, a zaunar da shi wuri guda, a mayar da shi likita ko injiniya. Riba ta farko ta jama'a ce, tunda su ne za su je asibitin. Duk wata gwamnati da ke riƙe da irin wannan makaranta za ta wayi gari wata rana da ƙarancin kuɗi da kuma shawarar a ɗan ɗora wa iyaye wani abu.

Abin da ya fi dacewa da Navodaya shi ne a juya nauyin kawo hujja. Yanzu talaka ne ake cewa ya zo ya tabbatar da talaucinsa kafin a yafe masa. Kamata ya yi hukuma ce za ta tabbatar da wadatar mutum kafin ta karɓa. A bar kuɗin ma'aikatan gwamnati yadda yake, a faɗaɗa shi ga iyayen da ke cikin rajistar harajin samu, tunda waɗannan gwamnati tana ganin aljihunsu ba tare da ta tambayi kowa ba, sauran kuma a ƙyale su har su gama aji goma sha biyu. Abin da za a rasa ba shi da yawa, domin yaran da ke biya ɗin kaso ne kaɗan na azuzuwa huɗu kacal cikin bakwai. Idan kuma rufin ɗakin kwana yana yoyo, makarantun nan sun yi sama da shekara talatin suna yaye ɗalibai, kuma a cikinsu akwai likitoci da injiniyoyi da hafsoshin soja da manyan ma'aikata waɗanda rufi 600 ba ya kai musu kuɗin man mota na kwana biyu.