Wa ke da iko da daren ma'aikaci?

Ranar 1 ga Janairun 2017 wata doka ta soma aiki a Faransa. Ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su zauna da wakilan ma'aikata, su tsayar da lokacin da mutum zai ajiye wayarsa ba tare da an tuhume shi ba. Wasu sun yi mata dariya, wai malalata ne ke neman mafaka. Ni kuwa gani nake ta ma makara.

Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙayyade wa masu aikin masana'antu sa'o'i 8 a yini, 48 a mako. Iyakar ta yi tasiri ne domin akwai ƙofa: da an kulle masaƙa, aiki ya kwanta sai gobe. Wayar hannu ta cire ƙofar. Saƙon da shugaba ya turo da goma na dare ba ya shiga lissafin albashi, amma yana cin barci, yana cin hira da iyali. Jiki kuwa yana riƙe nasa lissafin. A 2021 wannan ƙungiya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙiyasta cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Dokar Faransa tana da rauni: ba ta yanka tara ga kamfanin da ya yi biris ba. Ostiraliya, a 2024, ta ba ma'aikaci 'yancin ƙin amsawa, sai in ƙin ya saɓa wa hankali. Fotugal ce, a ganina, ta kama bakin zaren a 2021, da ta ɗora haramcin a kan mai aikawa.

Dalilina a gida na samo shi. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na ofis a Kano ko Abuja ya san cewa ba da shiru ake amsa wa na gaba ba. Alamar shuɗi ta riga ta tona cewa ka karanta, kunya ta hana ka yin gum, ga kuma ɗimbin masu takardu da ke jiran kujerarka. A irin wannan hali, a ce wa ƙaramin ma'aikaci yana da 'yancin ƙin amsawa, an ba shi abin da ba zai iya ɗauka ba ne. Likitan da ke kan kira daban ne: an tsara masa lokacin, kuma akwai alawus a kansa. Sauranmu kullum muna kan kira, ba jadawali, ba ko sisi, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan su ne ke tura saƙon.