A Wannan Kasuwa, Ji Ne Ya Kori Gani

Na san da yawanku ci gaban labari kuka zo nema, to ku yi mini afuwa, yau wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce sai na amayar da ita kafin mu koma kan masoyanmu.

Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni bayan sallar isha'i. Yaro ne mai hankali, ya kai shekara uku yana koyon kaɗa jita, kuma kiɗan rok na Turawa ne ya shiga ransa. Bayan mun gaisa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, shawara na zo nema, babur ɗina nake so na sayar." Wannan babur kuwa da shi yake kai wa mutane saƙo yana samun na abinci, har ya ɗan taimaka wa mahaifiyarsa. Na ce me ya yi zafi? Sai ya miƙo mini waya. Hoton wata amfilifaya ce ta gwanjo ƙirar Marshall, mai wat 100, an ɗora ta a kan akwatunan lasifika biyu, tsayinsu ya kusa kai nasa. Ya ce irinta Jimi Hendrix ya yi amfani da ita.

Ni ba makaɗi ba ne. Amma shekarun baya na rubuta wani littafi da jaruminsa makaɗin jita ne, wannan ya sa na zauna da masu sana'ar na yi ta tambaya har suka gaji da ni, tun daga nan kuma ban daina bibiya ba. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: wanda zai sayi amfilifaya don kiɗan rok, ya saya da kunnensa, daidai da wurin da zai yi kiɗan da irin wutar da yake da ita. Wanda ya saya da ido, don girma ko don suna, ya yi asara ko da kuwa kayan na gaske ne.

Bari na fara da aikin na'urar. Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Akwai maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyinta da ke mayar da girgizarsu ta zama 'yar wuta mai rauni, amfilifaya ce ke ƙarfafa wutar ta tura wa lasifika. A sauran kaɗe-kaɗe abin da ake so shi ne sauti ya fita garau. A rok kuwa ana neman wani gurnani mai kaushi, kuma gurnanin nan yana fitowa ne idan an matsa wa na'urar ta yi abin da ya fi ƙarfinta, kamar mutumin da ya yi ihu har muryarsa ta shaƙe. Asalinsa ma lalacewa ce. A 1951 lasifikar makaɗin jitar ƙungiyar Ike Turner ta lalace a kan hanyarsu ta zuwa Memphis, aka cusa mata takarda aka naɗi waƙar "Rocket 88" a haka, mutane suka so sautin. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Ingila ya sa reza ya yayyanka lasifikar wata 'yar ƙaramar amfilifayarsa da gangan, da ita aka samu sautin "You Really Got Me".

To ga inda gizo ke saƙar. Idan matsi ne ke kawo gurnani, ƙaramar na'ura ta fi saurin kai wa gaɓar. Tsohuwar mai wat 100 ba ta buɗe muryarta sosai sai an murɗa ta har tagogi sun fara rawa. Yaron nan a ɗaki ɗaya yake a gidan haya, katanga ɗaya ce tsakaninsa da mai jego. A ina zai murɗa ta? Gaskiya ne tun tsakiyar shekarun 1970 Marshall suka ƙara wani maɓalli da ke ba da damar samun gurnani ba tare da ƙure ƙara ba. Amma in haka za ka yi kullum, ka biya kuɗin wat 100 kana cin moriyar wat 2 ke nan. Tamkar wanda ya sayi tirela don kai yara makarantar allo.

Su waɗanda suka ƙirƙiro jibgegiyar, lalura ce ta sa su. A watan Agustan 1965 ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea na birnin New York gaban mutum fiye da 55,000, da amfilifayoyin Vox masu wat 100, amma ihun 'yan kallo ya danne kiɗan har su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. A wannan shekarar ce Pete Townshend na ƙungiyar Who ya matsa wa Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Landan wanda ya fara haɗa nasa a 1962, ya yi masa mai wat 100. A lokacin amfilifayar makaɗi ita ce ke ɗaukar nauyin cika fili. Yau kuwa makirufo ake ajiyewa a gaban 'yar ƙaramar lasifika, manyan lasifikun taro su kai sautin ko'ina. Lalurar ta wuce, hoton ne ya rage, hoton kuma shi ke cin kuɗin samarinmu.

Akwai wani lissafi da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Kunnen ɗan Adam ba ya jin wat kamar yadda aljihu ke jin naira. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka wat kusan sau goma. Ke nan mai wat 100 ninki biyu kacal ta fi mai wat 10 a kunne, tsakaninta da mai wat 50 kuwa ɗan bambanci ne na desibel 3. Sau da yawa ingancin lasifikar da faɗinta sun fi yawan wat tasiri. Lasifika ɗaya mai inci 12 tana da cikar murya da mai inci 8 ba ta da ita. Vox AC30 da Beatles suka fara suna da ita, wadda Brian May na ƙungiyar Queen ya riƙe tsawon rayuwarsa ta kiɗa, wat 30 ce kawai, amma duk wanda ya tsaya gabanta zai ba da labari.

Abin da ya fi ba yaron nan mamaki shi ne da na gaya masa cewa da yawa daga faya-fayan da yake ji yana zaton dutse ne ke tsagewa, da ƙananan na'urori aka naɗe su. Jimmy Page ya yi faifan farko na Led Zeppelin, wanda ya fito a 1969, da wata ƙaramar Supro. An sha ruwaito cewa Eric Clapton ya naɗi "Layla" a 1970 da Fender Champ mai kimanin wat 5. Shi kuwa Brian May, wasu daga cikin sautukansa mafi daɗi sun fito ne daga wata 'yar akwati mai aiki da batir da abokinsa John Deacon ya haɗa da kayan da ya tsinta a bola. Mu da muka taso muna jin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tsirkiya ɗaya ce da ɗan gwangwani, amma ya zaga duniya da shi.

Sai maganar iri, kuma iri uku ne a kasuwa. Akwai mai kwalabe, irin na tsohuwar rediyon kakanninmu da sai ta yi ɗumi take magana. Ita ce uwa, gurnaninta ya fi taushi, tana kuma bin hannun makaɗi: ya taɓa a hankali ta yi garau, ya daka ta yi ruri. Akwai mai tiransista, mara nauyi, mai juriya, mai sauƙin kuɗi, kuma a cikinta ma akwai manya irin Roland JC-120 da ta fito a 1975. Sai ta zamani mai 'yar kwamfuta a ciki, wadda ke kwaikwayon muryoyin shahararrun amfilifayoyi. Irin wannan ta yaɗu tun ƙarshen shekarun 1990, ga misali Boss Katana da ta fito a 2016, wadda mai wat 50 ɗinta ana iya rage ta zuwa rabin wat don atisaye a ɗaki.

Gwanaye da yawa za su ce mai kwalabe ita ce amfilifaya, sauran duk kame-kame ne. Ta fuskar daɗin murya ba na musu da su. Amma su a Landan suke ko a Nashville, mu kuwa mun san halin wutarmu: yanzu ta yi ƙasa, an jima ta yi sama, jibi sai janareta. Kwalaben nan suna tsufa, sai an canza su, masana'antun da suka rage suna yin su 'yan kaɗan ne a Rasha da Sulobakiya da Sin, har ma a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke suka yi tsada a duniya. Wa zai gyara maka ita a unguwarku? Tana da sharuɗɗa kuma: ba a kunna ta ba tare da an jona lasifika ba, in ba haka ba taransifomarta ta ƙone, kuma dole adadin om na lasifikar, 4 ko 8 ko 16, ya dace da nata. A cikinta akwai wuta ta ɗaruruwan bolt da ke iya zama ko bayan an kashe, don haka ba abin buɗewa da sukuddireba ba ne. Ra'ayina, mai koyo a ƙasarmu ya fara da mai tiransista ko mai kwamfuta, mai wat 30 zuwa 50 da lasifika ɗaya mai inci 12. In hannunsa ya nuna, aljihunsa ya yi nauyi, ya nemi mai kwalabe ta wat 15 zuwa 30.

Na san za a ce, to idan akwai mai ganga a bayanka fa? Tambaya ce mai kyau. Mai wat 10 ta ɗaki ba za ta iya da ganguna ba, kuma mai son sauti garau a ƙara mai yawa yana buƙatar rarar ƙarfi. Shi ya sa ban ce a sayi mafi ƙanƙanta ba, na ce a sayi daidai. Wadda na ambata tana iya tsayawa da mai ganga a ɗakin biki, filin da ya fi haka kuma aikin makirufo ne.

In ana son shaida ta kusa, a dubi maƙwabtanmu na Agadas a Nijar. A can jitar lantarki ta zama kiɗan biki, samari na kafa 'yan ƙananan amfilifayoyi a kan tabarma da batir ko ƙaramin janareta, jama'a su kewaye su. Daga irin wannan dandali Bombino ya fito, haka Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, yau kuma mujallun rok na Amurka suna lissafa shi cikin gwanayen zamani. Hannu suka fara gyarawa kafin kaya.

Akwai abubuwa biyu da suka fi kuɗi muhimmanci. Na farko rai. Kayan gwanjo da aka yi don Amurka wutar bolt 120 suke sha, tamu kuwa ta kai 220 zuwa 230, ka jona kai tsaye ka ga hayaƙi. Ka duba bayanta kafin ka biya. Kada kuma ka yarda a cire ƙafa ta uku ta fulogi, wato ta wayar ƙasa, domin tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin na'urar. Les Harvey wuta ce ta kashe shi a kan dandamali a Swansea a 1972, Keith Relf na Yardbirds kuma a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Na biyu kunne. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade awa 8 a ƙarar desibel 85, a desibel 100 kuwa minti 15 kawai. Shi kansa Townshend da ya nemi wat 100 ya daɗe yana fama da ciwon kunne, kuma a 2016 likitoci suka dakatar da Brian Johnson na AC/DC daga yawon wasa don kada ya kurmance. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ranar Asabar na ce ya ɗauko jitarsa mu je shagon, domin sayen amfilifaya ba tare da ka gwada ta da jitarka ba cinikin biri a sama ne. Na roƙi mai shagon ya jera guda uku, har da jibgegiyar. Na sa yaron ya juya musu baya, mai shago na canza waya, shi yana kaɗa abu ɗaya a ƙarar da zai iya yi a ɗakinsa. Muka saurari tsaki da ƙugi lokacin da ba a kaɗawa, muka murɗa kowane maɓalli, muka bar su a kunne na ɗan lokaci ko zafi zai tona wani aibi. Sau uku ana yi, sau uku yana zaɓar wata 'yar akwati da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu guda. Da ya juyo ya gan ta sai ya ce, "Kawu, wallahi ba ta da kwarjini." Na ce, "Ɗana, kwarjini za ka kaɗa ko kiɗa?"

Ban yi masa dariya ba, domin mu marubuta mun fi kowa sanin wannan cuta. Sau nawa aka sayi littafi saboda hoton bango, aka je gida aka tarar ba komai a ciki? Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa ji ne ya kamata ya kori gani. Babur yana nan, ya biya rabin kuɗin akwatin, sauran yana biya duk ƙarshen wata, a bayan babur ɗin ma yake ɗaure ta in za shi atisaye. Mai jego kuma har yau suna gaisawa.

Allah Ya ba mu ikon sanin daidai da mu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya, in Allah Ya kai mu.