Me ya sa dusar ƙanƙara ke zaftarewa bayan iska ta lafa?

A watan Fabrairun 2010, zaftarewar dusar ƙanƙara ta binne motoci da dama a mashigin Salang, hanyar da ta haɗa Kabul da arewacin Afganistan, inda mutane fiye da 160 suka rasa rayukansu.

Bala'in ya zo ne a bayan wata guguwar hunturu mai iska da ƙarfi, kamar yadda ya faru a ƙauyen Galtur na ƙasar Ostiriya a 1999, inda mutane 31 suka mutu.

Masana sun daɗe da gano cewa aikin iska a nan babba ne. Takan kwashe dusar ƙanƙara daga gefen dutsen da take bugawa, ta jibge ta a ɗaya gefen, inda take dunƙulewa ta zama falle guda mai tauri.

Idan a ƙarƙashin fallen akwai tsohuwar dusar da ƙwayoyinta ba su manne da juna ba, to lamarin tamkar faifai ne da aka ɗora a kan tsabar gero. A gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum guda ya isa ya tsinka fallen baki ɗaya.

Shi ya sa hatsarin ba ya gushewa da lafawar iska. Sa'ad da gari ya washe, matafiya da masu wasan zamiya kan fita, alhali dusar ba ta gama zama ba.

Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yakan rayu, amma da zarar an haura rabin sa'a, akasarin waɗanda aka binne numfashi ya riga ya ƙare musu.

Tun daga 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'aunin gargaɗi mai matakai biyar. A Suwizalan, cibiyar bincike ta Davos kan fitar da bayanin hatsari kullum a lokacin hunturu, hukumomi kuma kan rufe hanyoyi, su tayar da nakiya domin zubo da dusar da gangan.

A Afganistan kuwa, zaftarewar ta sake kashe mutane fiye da 200 a Fabrairun 2015, akasarinsu a lardin Panjshir.

Rufe hanya irin ta Salang na nufin tsayar da abinci da man fetur. Amma shawarar rufe ta, ko da sararin sama ya yi garau, ita ce kan ceci rayuka.