Wa zai horas da ƴan matan Arlit?

Ran 3 ga Disamba 2016, a birnin Yawunde, ƴan matan Nijeriya suka ci Kamaru 1 da 0, suka ɗauki kofin Afirka. Mai horas da su, Malama Florence Omagbemi, ta riga ta ɗaga wannan kofi sau 4 tana ƴar wasa, ta kuma halarci gasar duniya 4 daga 1991 zuwa 2003. Da ta aje takalmi, saninta bai salwanta ba.

Mu kuwa, a 2019 a Abijan, Nijeriya ta zuba wa ƴan matanmu 15 ba ko ɗaya. A ganinmu, laifin ba na yaran ba ne.

Jama'a masu karatu, Arlit da ta ba ƙwallon ƙasarmu ƙungiyoyin Urana da Akokana ba ta rasa ɗiya mata masu ƙafa ba. Amma magidanci da yawa ba ya sakin ɗiyarsa ga hannun namiji bayan la'asar, kuma ba mu ga laifinsa ba. Mace ƴar'uwarta zai amince wa. Don haka muna roƙon hukumar FENIFOOT ta tattara tsofaffin ƴan wasanmu mata, ta koya musu horaswa, ta ba su takardar shaida da albashi, ta turo biyu Arlit da Akokan.